Girgizar ƙwaƙwalwa a fagen wasanni: Yadda ake gane ta da yadda ake jinyarta

Girgizar ƙwaƙwalwa rauni ne da kan sami ɗan wasa idan kansa ya bugu, ko kuma aka bangaje shi da ƙarfin da ya fizgi kan nasa, har ƙwaƙwalwar ta motsa a cikin ƙoƙon kai, aikinta ya rikice na wani lokaci.

Galibi raunin ba ya fitar da jini, ba ya kumbura, ba ya kuma bayyana a hoton da aka saba ɗauka a asibiti. Don haka aka yi shekaru da dama ana raina shi a filayen ƙwallon ƙafa da dambe da zari-ruga, inda akan yayyafa wa ɗan wasa ruwa a ce ya tashi ya ci gaba.

A yanzu likitocin wasanni sun yi ittifaƙi a kan ƙa'ida guda. Duk ɗan wasan da ake zaton ya sami wannan rauni a fitar da shi daga fili nan take, kada ya koma wasa a wannan ranar, kuma dawowarsa ta kasance mataki-mataki bisa izinin likita. Ga bayanin dalilan da suka sa aka tsayar da wannan ƙa'ida, da kuma yadda ake aiki da ita.

Darasin gasar cin kofin duniya

A ranar 13 ga watan Yulin 2014 ne Jamus da Ajantina suka kara a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, a filin Maracana da ke birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil. A wajen minti na 17, kan ɗan wasan tsakiya na Jamus, Christoph Kramer, ya haɗu da kafaɗar Ezequiel Garay na Ajantina, ya faɗi ƙasa.

An duba shi na ɗan lokaci aka bar shi ya koma. Ya yi kimanin minti 14 yana kai da komowa a fili kafin ya sake zubewa, aka riƙo shi aka fitar da shi a ruɗe.

Daga baya alƙalin wasan, Nicola Rizzoli na ƙasar Italiya, ya shaida wa manema labarai cewa jim kaɗan bayan karon, Kramer ya zo ya tambaye shi ko wannan shi ne wasan ƙarshe. Shi kansa Kramer ya ce ba ya iya tuna yawancin abin da ya wakana kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Wasu masu bincike a birnin Toronto na ƙasar Kanada sun nazarci faifan bidiyon wasanni 64 na wannan gasa, suka ƙidaya karo 81 da aka yi da kai. Sau 12 kacal jami'an kiwon lafiya suka fitar da ɗan wasan gefen fili suka duba shi.

A gasar 2018 da aka yi a Rasha ma an ga irin haka. Nordin Amrabat na Maroko ya bugu a kai a karawarsu da Iran, ya kwana a asibiti, amma bayan kwana biyar ya buga wasa da Fotugal, lamarin da ya jawo suka daga likitoci da ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta duniya, FIFPRO.

Me ke faruwa a cikin kai?

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi ya kan kai kilogiram 1.3 zuwa 1.4. Tana da taushi ƙwarai, kuma tana zaune ne a cikin wani ruwa da ke tsakaninta da ƙoƙon kai. Ruwan yakan kare ta daga ƙananan motsin yau da kullum, amma ba ya iya tare babbar fizga.

Idan kan mutumin da ke gudu ya tsaya cak, ko kan wanda ke tsaye ya juya ba zato ba tsammani, ƙwaƙwalwar takan yi gaba ta dawo, ko ta murɗe. Murɗewar ta fi illa. Shi ya sa naushin haɓa ko na gefen muƙamuƙi, wanda ke juya kai, ya fi saurin kai ɗan dambe ƙasa. Kazalika ba lallai ne sai an taɓa kan ba, domin bangaza mai ƙarfi a ƙirji ko a baya tana iya fizgar wuya ta haifar da raunin.

A lokacin fizgar, siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa sukan miƙe fiye da kima. Sinadarin fotasiyam ya fice daga ƙwayoyin halittar, na kalsiyam ya kwarara ciki. Kafin ƙwaƙwalwa ta mayar da komai muhallinsa tana bukatar kuzari mai yawa, ga shi kuma a daidai lokacin jinin da ke kai mata abinci ya ragu. Wannan giɓi kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya cike, kuma a tsawon wannan lokaci ƙwaƙwalwar ba ta da juriyar da ta saba.

Tun da yake a cikin ƙwayoyin halitta ɓarnar take, hoton na'urar CT ko ta MRI yakan fito lafiya lau. Amfanin hoton shi ne a tabbatar babu zubar jini a cikin kai, babu kuma tsagewar ƙashi. Fitowarsa da kyau ba ta nufin ɗan wasa ya kuɓuta daga girgizar.

Mene ne alamominta?

Mutane da dama sun ɗauka sai wanda ya suma ne ya sami girgizar ƙwaƙwalwa. Alƙaluman likitoci sun nuna cewa a fagen wasanni waɗanda ke suma ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sauran suna tsaye da ƙafafunsu, suna magana, wasu ma suna neman a ci gaba da wasa.

Akwai alamomin da mai kallo zai iya gani da idonsa. Daga ciki akwai ɗan wasa ya faɗi ba tare da ya kare kansa da hannu ba, ko ya kwanta shiru ba motsi, ko hannuwansa su sandare a sama na 'yan daƙiƙoƙi. Akwai jinkirin tashi, da tangaɗi, da dafe kai, da kallon da ba ya tsayawa a kan komai, da bin ɓangaren da ba nasu ba, da maimaita tambaya guda.

Akwai kuma waɗanda sai shi ɗan wasan ne zai faɗa. Ciwon kai shi ne ya fi yawa, sai jiri, da tashin zuciya, da gani dishi-dishi, da ƙin haske ko hayaniya, da jin kai ya yi nauyi kamar ana cikin hazo. Wasu sukan kasa tsayar da hankali, ko su riƙa mantuwa, ko saurin fushi, ko damuwa ba dalili, ko barcinsu ya rikice.

Alamomin ba sa zuwa lokaci guda. Wanda ya tashi garau a fili yana iya fara ciwon kai da dare ko washegari. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, da Hukumar Lafiya ta Duniya, a gangamin wayar da kai da suka ƙaddamar tare a watan Satumbar 2024, sun yi gargaɗin cewa alamomin na iya ɗaukar sa'o'i 72 kafin su bayyana.

Mai tsaron gidan Liverpool, Loris Karius, ya kammala wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ta 2018 a birnin Kiev, inda ya yi kurakurai biyu da suka zama ƙwallaye, Real Madrid ta ci 3 da 1. Sai bayan kwanaki ne likitoci a wani asibitin birnin Boston na Amurka suka duba shi, suka ce ya sami girgizar ƙwaƙwalwa a lokacin wasan, bayan gwiwar hannun Sergio Ramos ta same shi a kai.

Yaushe ya kamata a garzaya asibiti?

Aikin farko na wanda ya isa kan ɗan wasan da ya faɗi shi ne ya tabbatar ba wani rauni mafi muni ba ne. Bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwa yana iya karya ƙashin wuya, ko ya fasa jijiyar jini a cikin kai. A irin wannan zubar jini mutum kan farfaɗo ya yi magana daidai na sa'a ɗaya ko fiye, sa'annan jinin da ke taruwa ya danne ƙwaƙwalwa, ya sake suma.

Likitoci sun jera alamomin da idan aka ga ko da guda ɗaya daga cikinsu, to a nufi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba:

Ciwo ko tsami a wuya.
Suma, ko da ta ɗan lokaci ce.
Jijjiga irin ta farfaɗiya.
Ganin abu biyu-biyu, ko ɗaukewar gani.
Rashin ƙarfi, ko jin tsira ko zafi a hannuwa ko ƙafafu.
Ciwon kai mai tsanani ko mai ƙaruwa.
Yin amai, musamman fiye da sau ɗaya.
Ƙaruwar ruɗewa, ko barcin da ake shan wuya kafin a tashe shi.
Rashin natsuwa ko neman faɗa da bai saba ba.
Lotsawa ko canjin siffa a ƙoƙon kai.

Duk wanda ya suma, a ɗauka wuyansa ma ya ji rauni har sai an tabbatar da akasin haka. Kada a ɗaga shi, kada a jijjiga shi, kada a ja shi da hannu ko ƙafa, kada kuma a ɗura masa ruwa a baki. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a lura da numfashinsa, a jira masu horo su ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya.

Yaya ake gwada ɗan wasa?

Har yanzu babu wata na'ura ko gwajin jini da shi kaɗai zai yanke hukunci. Likita ne ke haɗa abin da aka gani, da abin da ɗan wasa ya faɗa, da sakamakon wasu gwaje-gwaje.

Tsarin da aka fi amfani da shi ya fito ne daga jerin tarukan ƙwararru na duniya, waɗanda FIFA da kwamitin wasannin Olamfik na cikin masu ɗaukar nauyinsu. An yi na farko a birnin Vienna a 2001, sai Prague a 2004, Zurich a 2008 da 2012, Berlin a 2016, sai na shida a Amsterdam a watan Oktobar 2022. Daga taron na Amsterdam aka fitar da takardar gwaji mai suna SCAT6 domin likitoci su yi amfani da ita a kan 'yan shekara 13 zuwa sama, da wata ta yara 'yan shekara 8 zuwa 12, da kuma wata taƙaitacciya mai suna CRT6 domin masu horarwa da iyaye da malaman makaranta.

A bakin fili akan fara da tambayoyi biyar da wani masani ɗan ƙasar Ostireliya, David Maddocks, ya tsara. A wane fili muke yau? Kafin hutun rabin lokaci muke ko bayansa? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe a wannan wasa? Da wace ƙungiya kuka kara a wasan da ya gabata? Kun yi nasara a wancan wasan? An zaɓi waɗannan ne saboda tsofaffin abubuwa, kamar sunan mutum da garinsu, ba kasafai suke ɓacewa ba. Abin da ya faru yanzun nan shi ne ke fara suɓucewa. Kuskure ɗaya ya isa a fitar da ɗan wasa, amma amsa duka biyar daidai ba ta wanke shi ba.

Cikakken gwajin ana yin sa ne a wuri mai shiru, kuma yana ɗaukar minti 10 zuwa 15 a ƙalla. Ɗan wasa zai auna alamomi 22, kowace daga sifiri zuwa shida. Za a karanta masa kalmomi goma ya maimaita, a sake tambayarsa bayan wasu mintoci. Zai faɗi jerin lambobi da watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko. Zai tsaya idanu a rufe na daƙiƙa 20 a tsayuwa iri uku, ciki har da tsayuwa da ƙafa ɗaya, sa'annan ya bi layi mai tsawon mita uku yana ɗora diddige a gaban yatsu. Likita zai kuma duba motsin idanunsa da wuyansa.

Manyan ƙungiyoyi sukan yi wa 'yan wasansu wannan gwaji kafin a fara kakar wasa, domin a sami abin kwatantawa idan rauni ya auku. Sukan kuma ajiye mai kallon bidiyo da zai sanar da likita karon da ido bai kama ba.

Me ya sa ba a barinsa ya koma?

Dalili na farko shi ne ɗan wasan ba shi ne zai yi wa kansa hukunci ba. Gaɓar da zai yi tunani da ita, ita ce ta ji ciwon. Ga kuma kishin ƙungiya, da tsoron rasa gurbi, da kunyar a ce shi rago ne, waɗanda kan sa da yawa su ɓoye abin da suke ji. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, mai tsaron gidan Iran, Alireza Beiranvand, ya yi karo da ɗan ƙungiyarsu a wasansu da Ingila, ya nemi ci gaba aka bar shi, amma ba a jima ba ya kwanta a fili aka fitar da shi.

Na biyu, ci gaba da wasa yana tsawaita jinya. Wani bincike da aka yi a birnin Pittsburgh na Amurka, aka wallafa a 2016, ya gano cewa matasan da aka fitar nan take sun warke a cikin kwana 22 a matsakaici, waɗanda suka ci gaba da wasa kuwa sai da suka yi kwana 44.

Na uku, wanda ke cikin jiri ba ya saurin kaucewa, don haka ya fi kusa da sake buguwa, ko karaya, ko targaɗe.

Na huɗu shi ne mafi muni, ko da yake ba kasafai yake aukuwa ba. Idan bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke, ƙwaƙwalwa na iya kumbura cikin 'yan mintoci, kuma yawancin waɗanda abin ya rutsa da su matasa ne. Ben Robinson, ɗan shekara 14 a Arewacin Ailan, ya rasu a watan Janairun 2011 bayan ya bugu a kai fiye da sau ɗaya a wasan zari-ruga na makaranta, ana duba shi ana mayar da shi fili. Rowan Stringer, 'yar shekara 17 a birnin Ottawa na Kanada, ta rasu a watan Mayun 2013 bayan bugu uku a cikin mako guda. Ta faɗa wa ƙawayenta abin da take ji, amma ba ta faɗa wa iyayenta ko mai horar da ita ba. A 2018 lardin Ontario ya kafa doka da sunanta. A Amurka jihar Washington ce ta fara irin wannan doka a 2009, kuma zuwa 2014 dukkan jihohi 50 sun bi sahu.

Yaya ake jinya?

A kwana ɗaya na farko kada a bar mai raunin shi kaɗai. Kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya sha barasa ko maganin barci ko wani abin sa maye. Idan ciwon kai ya dame shi, likitoci sun fi son farasitamol a wannan lokaci, saboda asfirin da dangoginsa na iya ƙara zubar jini idan akwai. Barci yana taimakawa, muddin akwai mai lura da shi.

A da akan kwantar da mai raunin a ɗaki mai duhu har sai alamomin sun ƙare. Bincike ya nuna wannan ba ya gaggauta warkewa. Shawarar taron Amsterdam ita ce a huta hutu mai sauƙi na sa'o'i 24 zuwa 48, a rage kallon waya da talabijin da kwamfuta, a ci gaba da ƙananan hidimomin gida da ɗan tattaki. Daga nan sai a bi matakai shida:

Na farko, harkokin yau da kullum waɗanda ba sa tayar da alamomin.
Na biyu, motsa jiki marar nauyi, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keken da ke kafe wuri ɗaya, ana ƙarawa sannu a hankali.
Na uku, atisayen da ya shafi wasan amma shi kaɗai, kamar gudu da sarrafa ƙwallo, nesa da duk abin da zai bugi kai.
Na huɗu, atisaye mai ƙarfi tare da 'yan ƙungiya, ba tare da gogayya ba.
Na biyar, cikakken atisaye har da gogayya.
Na shida, komawa gasa.

Kowane mataki yana ɗaukar sa'o'i 24 a ƙalla. A matakai uku na farko, idan alamomin suka ɗan motsa kaɗan suka lafa a cikin sa'a guda, ana iya ci gaba. Idan suka wuce haka, a dakata a sake gwadawa washegari. Ba a shiga matakai uku na ƙarshe sai alamomin sun gushe gaba ɗaya, likita kuma ya ba da izini. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga ɗalibi, komawa aji tana gaba da komawa fili. Ana iya rage masa sa'o'in karatu, a ba shi hutu tsakanin darussa, a ɗage masa jarrabawa.

Yawancin mutane sukan warke a cikin mako biyu zuwa huɗu. Alƙaluman da aka gabatar a Amsterdam sun nuna cewa matsakaicin lokacin komawa gasa ya kusa kwana 20. Idan alamomin suka haura mako huɗu, ana bukatar ƙwararre ya duba wuya, da idanu, da sashen cikin kunne mai kula da daidaiton tsayuwa, da barci, da yanayin zuciya, domin kowannensu yana da maganinsa. Waɗanda suka taɓa samun raunin a baya, da masu ciwon ɓarin kai, da matasa, sukan fi daɗewa.

Me dokokin wasanni suka ce?

Bayan gasar 2014 aka ba alƙalan ƙwallon ƙafa ikon tsayar da wasa har minti uku domin likita ya duba wanda ya bugu a kai. A watan Disambar 2020 majalisar da ke tsara dokokin wasan, IFAB, ta amince a gwada ba ƙungiya damar ƙarin canji idan ɗan wasanta ya sami wannan rauni, kuma gasar Firimiya ta Ingila ta fara aiki da shi a watan Fabrairun 2021. Daga ranar 1 ga watan Yulin 2024 ya shiga cikin dokokin wasan, kowace gasa na da zaɓin amfani da shi.

To sai dai FIFPRO da wasu likitoci na ganin minti uku a gaban dubban 'yan kallo bai isa ba. Sun nemi a yarda da canji na wucin gadi, kamar yadda ake yi a manyan gasannin zari-ruga, inda akan fitar da ɗan wasa na minti 12 a gwada shi a ɗaki.

A Biritaniya, ƙa'idojin da aka fitar a watan Afrilun 2023 domin wasannin makarantu da unguwanni sun ce kada wanda ya sami raunin ya shiga gasa kafin kwana na 21. An tsawaita wa'adin ne saboda a irin waɗannan wurare babu likitan da zai riƙa bibiyar ɗan wasa kullum.

Akwai illa ta dogon lokaci?

Tun a 1928 wani likita a jihar New Jersey ta Amurka, Harrison Martland, ya yi rubutu a kan tsofaffin 'yan damben da ke tangaɗi da sarƙewar harshe kamar mashaya. An daɗe ana ganin matsalar ta 'yan dambe ce kawai.

A 2002 wani likita haifaffen Najeriya, Bennet Omalu, ya binciki gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, wanda ya rasu yana da shekara 50 bayan fama da ruɗewar tunani. Ya sami wani furotin mai suna tau ya taru a ƙwaƙwalwarsa, ya kuma wallafa sakamakon a 2005. Cutar ita ce ake kira CTE a taƙaice, kuma sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da ita. A 2017 masana a Jami'ar Boston sun same ta a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan babbar gasar Amurka, NFL, ko da yake su da kansu sun ja hankali cewa iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da gawarwakin.

A ƙwallon ƙafa, Jeff Astle na ƙungiyar West Bromwich Albion ya rasu a 2002 yana da shekara 59, jami'in binciken musabbabin mutuwa kuma ya danganta ciwonsa da yawan buga ƙwallo da kai. Biyar daga cikin 'yan wasa 11 da suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966 sun kamu da cutar mantuwa, ciki har da Bobby Charlton da wansa Jack. A 2019 Jami'ar Glasgow ta kwatanta tsofaffin 'yan wasan Sikotlan 7,676 da sauran jama'a kimanin 23,000, ta gano cewa mutuwa sanadin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka sau uku da rabi a tsakanin 'yan wasan. Binciken da ya biyo baya a 2021 ya nuna haɗarin ya fi yawa ga 'yan wasan baya, ya kuma yi ƙasa ga masu tsaron gida.

Masana na ci gaba da muhawara a kan yawan bugun da ke kai mutum ga wannan hali. Abin da ya fi damun su shi ne bugu a kai a kai na tsawon shekaru. Girgiza guda da aka yi jinyarta yadda ya kamata, yawanci takan warke sarai.

Ana iya rigakafi?

Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, don haka wajibi ce ga mahaya dawaki da kekuna da 'yan folo. Amma ba ta hana ƙwaƙwalwa motsi a ciki. Canjin dokoki shi ya fi tasiri. Tun 2006 ake ba da jan kati ga wanda ya kai wa abokin karawa gwiwar hannu a kai da gangan, kuma nazarin gasar Bundesliga ta Jamus ya nuna raunukan kai sun ragu bayan haka. A Kanada, hana yara bangazar juna a wasan hoki na kan ƙanƙara ya rage raunin da fiye da rabi.

Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai a 2015. Ingila da Sikotlan da Arewacin Ailan sun hana shi a atisayen 'yan firamare a 2020.

Inda babu likita fa?

Mafi yawan wasannin duniya ana yin su ne a filayen makarantu da unguwanni, inda babu likita, babu bidiyo. Haka abin yake a gidajen dambe da filayen kokawa na ƙasar Hausa. A damben gargajiya ma burin ɗan wasa shi ne ya kai abokin karawarsa ƙasa, abin da ake kira kisa, kuma sau da yawa naushin kai ne ke kawo shi. A damben zamani na masu son wasa, wanda aka sumar yakan yi kwana 30 a ƙalla kafin a bar shi ya sake shiga fage. Ƙwaƙwalwar ɗan damben gargajiya tana bukatar irin wannan hutu.

A irin waɗannan wurare nauyin yana kan mai horarwa, da alƙalin wasa, da malamin makaranta, da iyaye. Ba a neme su su tantance ciwo ba. Abin da ake bukata daga gare su shi ne su san alamomin, su fitar da wanda suke shakka a kansa ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, su sanar da mutanen gidansu abin da ya faru domin a lura da shi da dare, su kai shi wurin jami'in lafiya, kuma su hana shi gasa har sai ya bi matakan ya warke.